Ba Kifi Ba Ne, Ummi

Kurayyat, Jidda.

Zuwa ga 'yata, kuma uwata, Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka ƙasar Turkiyya lafiya, kin sami ɗakinki, kin gane alƙibla, kin kuma sa wani abu mai ɗumi a cikinki. Mamanki tana gaishe ki. Ta ce in rubuta miki cewa ba za ta yi kuka a filin jirgi ba. To, ga shi na rubuta. Ke da kike karantawa yanzu kin riga kin ga yadda aka ƙare.

Na cusa takardar a aljihun rigar sanyinki tare da wani ɗan ƙunshi. Kada ki kwance ƙunshin sai kin kai ƙarshe, ko da yake na san halinki, wataƙila kin riga kin leƙa. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Na san Hausarki ta kunne ce, a baki kuwa jimla ɗaya kike yi ki tsere cikin Larabci. Ki daure ki bi ta a hankali. Larabcina na wurin aiki ne da na layin sabunta iƙama, takardar izinin zama. Abin da zan faɗa miki akwai kunya a ciki, ni kuwa kunyata da harshen Inna kaɗai take iya fita.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Juma'ar nan da maƙwabta suka zo yi miki sallama, Hajiya Balaraba ta gidan sama ta tambaye ki ko ba kya tsoron ki tsinko mai guba a dajin mutane. Kika yi dariya kika ce, "Abadan, Hajiya! Ni idon Baba gare ni. Baba bai taɓa kuskure a naman kaza ba." Kaina ya kumbura, har na gyara zama. Sai na ɗaga ido na ga Mamanki tana kallona ta saman tiren shayi. Da baƙi suka watse ta tare ni a ƙofar kicin ta ce, "Halas, Baban Ummi. Yarinyar nan daji za ta shiga da idonka. Ko ka faɗa mata, ko ni in faɗa." Gaskiyarta. Idan kika shiga dajin can kina taƙama da idona, idon nan zai iya kashe ki. Don haka zan jera miki kurakuraina. Zan fara da ƙanana, in sami ƙarfin gwiwar babban.

Amma ki fara sanin cewa murna nake. Tun ranar da takardar karatun nan ta iso bakina har kunne yake. A mashtal, wato gonar renon shuke-shuken da na tsufa a cikinta, abokan aiki suka tambaye ni karatun me za ki yi. Na ce na daji, musamman naman kaza. Ɗaya ya ce, "Har jirgi za a hau don wannan?" Suka yi ta dariya, na taya su. Su ba su ga hotunan da kika nuna mini a waya ba: daji a lokacin kaka, ganye ja da rawaya sun rufe ƙasa, gungume ya ruɓe ya yi laushi, ruwa yana ɗiga ba wanda ya kunna famfo. Ni na ƙare ƙarfina ina lallashin ciyawa da ruwan tanka, ga 'yata za ta je inda abu ke tsirowa don kansa. Wallahi da ana ɗaukar tsofaffi da na cika fam.

Kuskurena na farko a ƙauyenmu na yi shi, can Sudan, a gefen kogi, ina da shekara takwas ko tara. Inna, wadda kika ci sunanta, ita ce gwanar naman kaza a unguwarmu. Idan damina ta zauna, aka yi ruwa mai tsawa, da sassafe sai ta ɗauki ƙwarya da wani guntun sanda mai tsini, mu nufi surin gara da ke bayan gonar dawa. A nan yake fitowa, fari, da ɗan tsini a tsakiyar hularsa, wani faɗinsa ya kai faifai. In aka soya shi da man gyaɗa da albasa, ba mai tambayar ina nama.

Ran nan na riga ta hango wani babba. Na ruga na cafke shi na fizga, ya karye a wuya. Na kawo mata ina haki, ina jiran yabo. Ta juya shi, ta duba, ta wurgar da shi cikin ciyawa. Na ɓare baki da kuka.

Ta ce, "Ina ƙafarsa?"

Na ce tana ƙasa.

Ta ce, "To ai rabin magana ka kawo mini. Ban san shi ba."

Sannan ta durƙusa gaban wani, ta yi ta tono da sandan nan a hankali, har ta zaro shi da wata siririyar saiwa da ta kusa kamu ɗaya, wadda ta nutsa har cikin gidan gara. Ta ce wannan saiwar ita ce shaidar namu. Tambayoyi uku take yi wa kowane naman kaza kafin ya shiga ƙwaryarta. A ina ya fito? Me ke ƙarƙashinsa? Wa ya san shi ban da ni? Ki riƙe su, za mu dawo kansu.

Saboda haka kada ki fizga, kada kuma ki yanke da wuƙa a saman ƙasa don gudun ɓata farce. Ki share ganye, ki tona, ki fito da shi ɗungurungum. A littafinki mai hotuna, wanda na yi ta buɗawa in kina makaranta, na ga mugun nan na ƙasashen sanyi, wanda ƙafarsa ke zaune cikin wata 'yar farar jaka kamar ɓawon ƙwai, a binne ƙarƙashin ganye. Wanda ya fizga ba zai taɓa ganin jakar ba. Ki kuma ɗaga kai ki ga gindin wace bishiya ya zaɓa, ki rubuta. Inna ba ta taɓa riƙe littafi irin wannan ba, amma da ita da mai littafin bakinsu ɗaya.

Kuskure na biyu kin san ƙarshensa, farkonsa ne na ɓoye miki. Wata shekara da ɗan sanyin nan namu na Jidda, muhandis, wato injiniyan mashtal, ya sa aka shimfiɗa ɓawon itace da garin katako a ƙarƙashin rumfa, muna ba su ruwa safe da yamma. Wata safiya na tarar da wani abu rawaya a kan ruɓaɓɓen gungume, shimfiɗe, da jijiyoyi, da yauƙi, kamar an fasa ƙwai an bar shi. Na kankare shi da shebur, na zagi kyanwa. Washegari ga shi ya dawo, kuma ba inda na bar shi ba, ya matsa kamar taƙi guda. Kwana na uku ya fara hawa tukunyar fure.

Ummi, uban naki, mai salla a sahun gaba, sai ya yanke cewa asiri aka yi masa. A lokacin ana raɗe-raɗin wanda za a ɗora kan ma'aikata, ni kuwa har na san wanda nake zargi, wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Kwana uku ina amsa sallamarsa a daƙile. Na yi tofi a ruwa na yayyafa. Na barbaɗa gishiri. Gishirin ya kashe furen mutane tukunya huɗu, shi kuwa abin ya kewaye gishirin ya yi gaba abinsa.

Sai ranar da ba makaranta kika bi ni wurin aiki, kina 'yar shekara tara. Kafin in ce kada ki matsa, kin riga kin tsuguna. Kika ce, "Baba, shuf! Duba, yana da hanyoyi kamar taswira!" Kika karɓi tsinken ashana a hannuna kika kafa daidai bakinsa. Bayan mun ci abincin rana muka dawo, ya wuce tsinken da faɗin yatsa. Kika yi ta tsalle. Ni kuma na tsaya sororo, kwalbar ruwan tofi tana aljihuna.

Sauran kin sani. Kika nace sai da muka ɗauko guntun gungumen a gwangwanin halawa da jiƙaƙƙen tsumma. Kika gwada masa shinkafa ya ƙi, kika gwada shufan, hatsin da Mamanki ke yin shurbar azumi da shi, ya lulluɓe shi. Mamanki ta ce, "Wannan wane irin baƙo ne, ba sallama, sai cin shurbata?" Da ya haura bakin gwangwani ya miƙa hanya kan kanta, ita ce ta raɗa masa suna Alhaji. Ta ce haka kakanninta suka zo Makka daga ƙasar Hausa, da ƙafa, a hankali, inda aka sami abinci a yada zango. Ranar da Alhaji ya daina tafiya ya bushe, kika sha kuka wai ya mutu. Muhandis ya ara miki gilashin ƙara girma, kika ga ya rikiɗe ya zama ƙananan allurai masu kai, jere reras, kowanne cike da garin iri. Ya ce mana wannan yauƙin itace ba tsiro ba ne, ba dabba ba, ba ma naman kaza ba, halitta ce mai zaman kanta, kuma ba ta cutar da fure. Washegari na sayi burodin tamis da dafaffen wake na je na nemi gafarar mutumin da na zarga. Da na gaya masa dalili, dariya ta kayar da shi kan buhun taki.

Abin da ba ki sani ba, kada ki yi saurin ba shi mugun suna. Kafa masa tsinken ashana, ki tafi, ki dawo. Za ki haɗu da mutane a can da ba sa gaisuwa irin tamu, ba sa cin abin da muke ci, wata ma ta yi kwana uku ba ta yi miki murmushi ba. Su ma ki kafa musu tsinke. In kuma 'yan uwan Alhaji kike nema, kin fi ni sanin inda suke, ƙarƙashin ruɓaɓɓen gungume da jiƙaƙƙen ganye, kwana biyu bayan ruwa. In kin juya gungume kin gama kallo, ki mayar da shi yadda kika same shi, gidan wasu ne. Ki turo mini hotonsu, musamman masu launi, in nuna wa mai tambayar jirgi.

Na uku shi ne tafiyarmu Baha bara waccan, da aka ce an yi ruwan kaka a kan duwatsu. Kin tuna birai sun sace mana tamis a bakin hanya, Mamanki tana yi musu faɗa da Larabci kamar za su ji kunya? Da muka shiga dajin bishiyoyin ar'ar, gajimare yana ratsa bishiyoyi, ƙasa tana ƙanshi, sai na koma yaro. Na ciro leda na shiga tsinta, ja da fari da ruwan ƙasa, duk na haɗa su wuri ɗaya. Na yi ta tafiya kai a sunkuye. Da na ɗago, ba ke, ba hanya, ba mota, sai fari ko'ina. Ni ɗan daji, haihuwar bakin kogi, da hon ɗin mota Mamanki 'yar birni ta nemo ni. Har yau in ta tuna sai ta ce, "Bib-bib, Baban Ummi."

Da muka gangaro cikin zafi kuma, kafin mu kai Jidda ledata ta zama baƙin ruwa mai wari, sai da na wanke motar mutane sau biyu. Naki kuwa guda shida ne kacal, kowanne a naɗe cikin takardarsa, kin rubuta inda ya fito da bishiyar da ke kansa, suka iso gida garau. Ban faɗa miki ba a ranar, amma a nan na gane kin wuce ni, kuma na ji daɗi har cikin raina. Ki ci gaba da haka: kwando da takarda, ban da leda, kowanne daban, kaɗan kuma ya isa. Abin da zan ƙara miki shi ne abin da ni na kasa. Ki riƙa ɗaga kai kina duba hanya. Kada ki shiga daji ke kaɗai, ki gaya wa wani inda za ki, ki kuma tuna an ce rana tana saurin faɗuwa a can. Ba mai yi miki hon.

Yanzu ki gyara zama. Kin taɓa lura cewa duk tsince-tsincen da muka yi ni da ke, ban taɓa barin ko ɗaya ya shiga tukunya ba? Kin ɗauka Mamanki ce ke ƙyama. Ba ita ba ce.

Kina da shekara uku. Mashtal ta tura ni kula da lambun wani babban gida a arewacin gari, mai shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da ake ba ruwa kullum. Wata safiya mai gumi na shiga sai na gan su, sun yi da'ira a tsakiyar ciyawa, farare, manya, hula kamar faifai. Rabona da ganin naman kaza a ƙasa tun barina gida. Inna kuma ba ta daɗe da rasuwa ba, takarduna suna hannun kafili, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ban sami zuwa ko ta'aziyya ba. Na durƙusa a ciyawar nan hawaye na zuba. Wallahi har ƙanshin man gyaɗa na ji.

Ban yi ko ɗaya daga tambayoyin Inna ba. Babu suri a lambun, ni da hannuna nake fesa wa gara magani. Babu doguwar saiwa, ƙafar a dunƙule ta ƙare, ga zobe a wuyanta. Na gani, Ummi, ba wai ban gani ba. Na ce wa kaina ai ƙasar Larabawa ce, wataƙila haka namu yake fitowa a nan. Kewar gida ce ta tsince su, ido yana kallo.

Na cire farar hulata na cika ta. Da na iso gida Mamanki ta leƙa ta ja da baya. Ta ce, "Ya shekh, wannan ba laimar kwaɗi ba ce?"

Na ce, "Ke 'yar Ammariyya, haihuwar kan siminti, me kika sani a daji? Soya mana kawai."

Ta soya da albasa, ta ajiye kusa da kifin da ta riga ta yi na rana. Mafi girman na bar shi cikin hular a saman kabad, don in nuna wa mutanenmu a masallaci. Na ɗora ki a cinyata. Da hannuna na ba ki, loma uku, ina cewa, "Ci abincin kakarki." Kika lashe baki kika ce, "Kaman," wai a ƙara.

Kafin la'asar amai ya kama mu duka uku. Mu manya muka jure, ke kuwa ɗan jikinki ba shi da abin jurewa. Kika yi laushi a hannuna, idonki ya faɗa. Mijin Hajiya Balaraba ne ya kwashe mu a motarsa. A hanya ya tambaye ni me muka ci. Na ce, "Kifi." Haka kawai ya fito. Ina tsoron kafili ya ji na ɗebo abu a lambun mutane, ina kuma jin kunyar a ce ɗan Inna ya ba 'yarsa guba. Likita kam na gaya masa gaskiya, don Mamanki, tana layi da kanta, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Faɗa masa." Kwana uku kika yi ana ƙara miki ruwa. Ranar da kika buɗe ido kika ce kina son biskit, na fita baranda na yi sujada a kan tayil, ma'aikata suna tsallake ni.

Kafin mu dawo gida, Kurayyat kaf ta san kifi ya kusa kashe Ummi. Mata suka yi ta zuwa sannu, kowace da labarin mugun kifin da ta sani. Ban gyara maganar ba. Da kika girma kika tambaya, na maimaita miki. Shi ke nan kika tashi a garin da ke bakin teku, shekara goma sha bakwai ba ki sa kifi a baki ba. In mun bi ta wurin masu suya a Bab Makka sai ki toshe hanci da mayafi. A gidan biki in an kawo sayadiyya, shinkafar kifin nan da kowa ke rububi, sai ki zauna da burodi. Mamanki kuwa, wadda ba abin da take so kamar sayadiyya, ta daina dafa ta a gidan nan. Gidan yayarta take zuwa a Ammariyya ta ci, ta wanke hannu da lemun tsami ta dawo. Ta rufa mini asiri duk shekarun nan, Allah ya saka mata. Sai dai duk ranar da na ɓata mata rai, takan ce a hankali, "Yau kifi nake sha'awa," nan take in yi laushi.

Da muka dawo daga asibiti na tuna da hulata. Na sauko da ita. Naman kazan ya yamutse, a ƙarƙashinsa kuwa, a kan farin yadin, ya bar zane kamar ƙafar keke, siraran layuka, kore kamar garin kuka. Na kai wa muhandis. Bai yi dariya ba. Ya ce garin iri ne da ke zubowa daga haƙarƙarin da ke ƙarƙashin hular, kowane iri da launinsa. Namu na suri haske yake bari, da ɗan ja-ja. Wannan na ciyawa kore yake bari, kuma ya sha kwantar da mutane. Ya ce, "Ya Idris, da ka kife shi a farar takarda ka rufe da kofi ka jira rabin yini, da shi da kansa ya gaya maka ko wane ne." Wasan kofi da takarda da na koya miki kina 'yar shekara shida, kina tafi kina cewa Baba ya san komai, a nan na samo shi. A kanki na koya.

Ki riƙa yin sa, rabin takardar fari, rabi baƙi. Amma kada ki mayar da takarda idon Baba na biyu. Mai jakar nan da na ambata fari tas yake bari, kuma littafinki ya ce ba ya ɗaci. Nawa mai hayaniya ne, ya tona kansa kafin la'asar. Wancan shiru yake yi har a kwana, ya tayar da ciki, ya lafa kamar an warke, alhali yana can yana cin hanta. Don haka duk wanda cikinsa ya motsa bayan cin naman kazan daji, ko ya ce ya ji sauƙi, a tafi asibiti, a tafi da ɗanye guda da aka ajiye, a kuma faɗi gaskiya tun a mota. Kada ki yarda da masu cewa in tsutsa ta ci to mutum ma zai ci, ko a jefa cokalin azurfa ko tafarnuwa a gani, ko tafasa tana kashe guba. Duk na taɓa yarda da irinsu. Waya ma da ake nuna mata hoto ta faɗi suna, ba ita za a ƙara wa ruwa ba.

Tambayar Inna ta uku ita ce babba: wa ya san shi ban da ni? Ki nemi wata tsohuwa 'yar ƙasar, irin masu kawo shi kasuwa a kwando. Ki gaishe ta da kyau, ki saya, ki zauna kusa da ita ko ba kwa jin yaren juna, hannu ma yana koyarwa. Ki haɗa abin da ta nuna miki da abin da malamanki suka ce. Kakar farko dai ina roƙonki, abin da kika tsinto da hannunki ki ci shi da ido da alƙalami kawai. Wanda za ki fi tsoro kuma ba baƙon ba ne, shi wannan kowa yana kaffa-kaffa da shi. Ki ji tsoron wanda ya yi kama da na gida. Ranar da kewa ta kama ki a cikin dajin nan, kika ga wani abu da ya tuna miki da Baha ko da ni, ki sa hannunki a aljihu, ki ciro waya ki kira mu. Ko ina kan tsani zan ɗauka.

Ba ki da idon Baba, Ummi, alhamdu lillahi. Haƙurin Inna gare ki, da tsinken ashana, da takardu shida masu rubutu. Sun fi idona nesa ba kusa ba.

Yanzu kwance ƙunshin. Ita ce hular. Ban taɓa wanke ta ba. Koren ya dushe, amma in kin kai ta bakin taga za ki ga layukan. Ki ɗaura ta a hannun kwandonki, duk sanda za ki durƙusa ta riga ki kallon ƙasa.

Saura roƙona. Na cuce ki sau biyu, loma uku da shekara goma sha bakwai. Ki yafe mini. Ba sai kin wahalar da kanki da doguwar amsa da Hausa ba. An ce garin da za ki shi ma a bakin teku yake, kuma da kaka wasu ƙananan kifaye ke cika kasuwa, ana soya su da garin masara. In kin yafe, ki shiga inda ake sayarwa, ki yi bismilla, ki ci, ki turo mini hoton farantin. Mamanki ta riga ta yanke hukunci: ranar da hoton ya iso za ta dafa sayadiyya a gidan nan, ta buɗe tagogi duka unguwa ta ji, ni kuma in ɗauki kwano da kaina in hau gidan sama in yi wa Hajiya Balaraba da mijinta bayani. Na amince. Har na fara haddace abin da zan ce.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, a cikin aji da cikin daji. Ya tsare hannunki daga abin da zai cuce ki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya buɗe miki abin da ya ɓoye a ƙarƙashin ganye. Ya jiƙan Inna, ya dawo mana da ke lafiya da ilimi mai albarka. Ki riƙe salla, ki rufe ƙirjinki da kyau in an fara sanyi. Mamanki tana ƙara gaishe ki, ta ce in kin tashi ci ki matsa lemun tsami, ki kuma kula da ƙaya.

Wayata tana aljihun gaba, na ƙara mata ƙara.

Naki har kullum,
Babanki, Idrisu.